Wai injin ces yana kuskure, ko mu ne ba mu iya karanta shi ba?

Abdulhadi: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Na buga wasan minti goma da wani, ni ne da farare. A taku na 12 na ba da bishof ɗina a h7, sarkinsa ya cinye, na sako doki g5 da cek, ya koma g8, na kai sarauniya h5. Bai ƙara taku shida ba ya sallama. Tun da na fara ces ban taɓa jin daɗin wasa irin wannan ba. Da na danna nazari a wayata sai ga jar alama a kan takun bishof ɗin, wai katoɓara ce, ma'auni ya faɗo daga +0.4 zuwa -1.9. Yau da safe na ɗora wasan a laftof ɗin yayana, na bar injin Stockfish yana lissafi na je na yi wanka na dawo. Takun nan dai, shi ɗin dai, yanzu +1.6 yake nunawa. To wanne zan ɗauka? Idan abu ɗaya zai ce mini baƙi da dare ya ce fari da safe, ina amfanin tambayarsa?

Mubarak: Wa alaikumus salam. Na laftof za ka ɗauka mana, ai ya fi daɗewa yana tunani. Amma don Allah kada mu fara raina injin. Carlsen, zakaran duniya a lokacin, da ya kai ƙololuwarsa a 2014 maki 2882 ya tsaya, Stockfish kuwa ya haura 3500 a jadawalin da ake gwada injina. Mu nan da yawanmu ko 1500 ba mu kai ba.

Injiniya Sadiya: Abdulhadi ƙanina, duba kusa da lambar nan, za ka ga wata ƙaramar lamba ta zurfi. Nawa ta nuna a waya, nawa a laftof?

Abdulhadi: Na waya 16 ne Yaya Sadiya. Na laftof ya kai 34.

Injiniya Sadiya: To ka ga inda gizo ke saƙar. Zurfi 16 yana nufin taku 16 idan an haɗa naka da nasa, wato takunka takwas kenan kawai. Kuma ko wannan ba kowace hanya yake bi har can ba. A tsakiyar wasa mutum yakan sami zaɓi talatin da wani abu a kowane taku. Ka ninka talatin sau talatin sau talatin har sau goma sha shida ka ga ko akwai kwamfutar da za ta ƙirga wannan. Saboda haka injin sara yake yi. Ya kalli reshe ya ce wannan ba alheri a cikinsa, ya datse, ya wuce. Wannan datsewar ce ƙarfinsa, ita ce kuma kafar da kuskure yake shigowa. Sadaukarwa irin taka a farkon lissafi asara ce tsantsa, ka ba da bishof mai daraja uku ka karɓi soja mai daraja ɗaya. Idan ribar tana can taku na goma kuma takun da zai kawo ta shiru-shiru ne, ba cek ba ci, yana iya datse reshen tun kafin ya gan ta. Masana suna kiran wannan matsalar iyakar hange, Hans Berliner ne ya raɗa mata suna tun 1973.

Wani abin kuma, nazarin da manhajoji suke ba mu da dannawa ɗaya, ɗan lokaci kaɗan ake ware wa kowane taku, don dubban mutane ne suke layi. Kuma ko a kwamfuta ɗaya, idan injin yana aiki da kwakwalwa fiye da ɗaya a lokaci guda, ka ba shi matsayi ɗaya sau biyu yana iya ba ka lambobi biyu da suka ɗan bambanta.

Malam Isyaku: Madalla da bayanin Injiniya. Ni kuma bari in kawo irin kuskuren da ko ka bar shi ya kwana ba lallai ya gane ba. Yaran da nake koya wa ranar Asabar nakan jera musu wannan a allo: fari yana da sarki, da bishof mai tafiya a fararen gidaje, da sojoji biyu a layin h, ɗaya bayan ɗaya. Baƙi ba shi da komai sai sarkinsa a lungun h8. Sai in ce wa ya ci? Duk su ce fari. In ce to ku ci. Su yi ta fama har a kira la'asar. Gidan h8 baƙi ne, bishof ɗin ba zai taɓa taka shi ba, sarkin baƙi yana kai-komo tsakanin h8 da g8 ko g7, in ka matse shi da yawa ya rasa gidan takawa alhali ba cek, wasa ya tashi kunnen doki. Wani yaro ya taɓa ciro wayarsa ya nuna mini wata ƙaramar manhaja tana cewa +4. Na ce masa to ka bar ta ta buga da kanta. Ta yi ta zagaye da bishof, lambar ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Wannan ita ce alamar da nake so ku riƙe: idan lamba babba ce amma ta daskare wuri ɗaya, takun da injin yake ba ka kuma yawo ne kawai, to ganuwa aka gina masa, ba shi da ƙofar shiga.

Nura Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, irin wannan ne Roger Penrose ya fitar a 2017, masanin lissafin nan na Ingila. Baƙi yana da sarauniya da hasumiya biyu amma duk a kulle suke a bayan sojoji, sai bishof uku da suke sake, kuma duka ukun a baƙaƙen gidaje suke tafiya. Fari sarki ne da 'yan sojoji. Injina suka ce baƙi ya gama cin wasa. Alhali abin da fari zai yi kawai shi ne ya bar sojojinsa inda suke, sarkinsa ya riƙa yawo a fararen gidaje. Ɗan koyo ma in an nuna masa sau ɗaya ya gane.

Mubarak: Nura, tsakaninka da Allah, sau nawa ka taɓa ganin bishof uku masu launi ɗaya a wasanka? Wannan ai tarko ne aka ɗana da gangan. Ni abin da nake gudu shi ne mutum ya yi ɓarna a wasa, injin ya nuna masa, ya ce ai injin ma yana kuskure. Cikin jajayen alamomi ɗari da yake saka mana, na rantse casa'in da tara namu ne. Ka bar doki a inda za a cinye shi a banza, wane zurfi ake buƙata? Ku tuna Kramnik a 2006 a Bonn, yana zakaran duniya, injin Deep Fritz ya kashe masa sarki a taku ɗaya da bai gani ba, sarauniya h7. Ya sha kashi 4 da 2 a karawar. Tun daga nan ba wani zakara da ya sake zama da injin kan-kan-kan ba tare da an rage wa injin wani abu ba.

Malam Isyaku: Mubarak ɗana, ba wanda ya ce mun fi shi. Direban babbar mota ya fi ni sanin hanyar Legas, amma in ya ce mini babu rami a ƙofar gidana ba zan yarda ba, don kullum ina tsallake shi. Ganuwa ba sai a tarkon Penrose ake samunta ba. A 2008 Nakamura ya buga wasan minti uku da Rybka a intanet, lokacin Rybka ne kan gaba a injina. Ya kulle allo da sojoji, ya bar injin yana ganin kansa a sama. Da dokar taku 50 ta matso, wadda take ba da damar tashi kunnen doki in an yi taku 50 ba a ci kaya ba kuma ba a motsa soja ba, injin ya ƙi yarda da kunnen doki, ya fara zubar da sojojinsa don ya buɗe hanya, a nan Nakamura ya juya masa wasa. Sai da suka yi taku 271.

Baba Audu: Salamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu. Ni na ga lokacin karawar Kasparov, zakaran duniya na lokacin, da Deep Blue, kwamfutar IBM, da idona, a jarida muke bin labarin, kwana biyu ko uku bayan an buga. Mayun 1997, a New York. Shekara guda kafin nan Kasparov ya doke ta 4 da 2 a Philadelphia, sai IBM suka koma suka ƙara mata ƙarfi har tana duba matsayi miliyan 200 a daƙiƙa. Abin da nake so ku lura da shi abu biyu ne. A wasan farko, wanda Kasparov ya ci, kwamfutar ta yi wani taku na 44 da hasumiya wanda ba shi da kan gado. Daga baya Murray Campbell, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ta, ya ce tangarɗa ce a cikin manhajar. A wasa na biyu kuma Kasparov ya sallama, washegari mutanensa suka faɗa masa cewa da ya kai sarauniya e3 da ya nemi kunnen doki da cek a kai a kai. Mutumin da bai saba sallamawa ba sai ya ga babu sauran numfashi. Ni fahimtata ita ce ya yarda da injin fiye da kima. Ya ɗauka tunda ta bar wannan kafa a buɗe, to ta riga ta lissafa babu komai a ciki. Bai duba ba. Aka tashi Deep Blue 3½, Kasparov 2½.

Shi ya sa tambayar yaron nan ta burge ni. Ya ga jar alama bai sunkuyar da kai ba, ya je ya sake tambaya.

Abdulhadi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma har yanzu ina da saura. Ita kanta lambar, +1.6, me take nufi? Ni na ɗauka soja ɗaya da rabi ne nake gaba. To a allon ai ni ne a ƙasa da bishof guda.

Injiniya Sadiya: A da haka ake fassara ta, soja ɗaya shi ne 1.00. Yanzu abin ya sauya. Tun Stockfish 12 a 2020 aka saka masa wata ƙaramar kwakwalwar koyo da ake kira NNUE, wadda aka aro daga masu injinan shogi, wato ces ɗin Japan. Ba ƙirga kaya take yi ba, ta koyi kimanta matsayi ne daga ɗimbin misalai. Sannan daga Stockfish 15.1 a ƙarshen 2022 suka daidaita ma'aunin: +1.00 yana nufin injin yana da damar cin wasan kashi 50 cikin 100 idan da abokin karawa mai ƙarfinsa yake bugawa. Ka lura, mai ƙarfinsa. Ba kai da abokin wasanka na jiya ba. Don haka +1.6 na Stockfish na yau da +1.6 na tsohon injin ba abu ɗaya suke faɗa ba, kuma Leela, wani injin, tana iya ba ka wata lamba daban a matsayi ɗaya. Su ma alamomin kuskure da katoɓara kowane dandali da yadda yake yanka su. Lichess, misali, yana duba yadda damar cinka ta ragu ne, shi ya sa in kana +9 ka sauko +6 ba zai damu ba, amma daga 0 zuwa -3 sai ka ga ja.

Nura Maraɗi: Ai ko Disambar 2017 ta isa ta nuna mana lambar ba wahayi ba ce. AlphaZero, wani sabon injin, ta buga wasa 100 da Stockfish 8, ta ci 28, kunnen doki 72, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Na san an yi ƙorafi a kan sharuɗɗan, minti ɗaya aka ba kowane taku kuma ba a ba Stockfish isasshen wurin ajiya ba. Amma ku kalli wasannin. AlphaZero ta ba da soja, ta ba da na biyu, Stockfish yana ganin lafiya lau yake, kayansa kuwa sun maƙale a lungu ba sa motsi. Kafin ranar nan duk wanda ya ce Stockfish 8 bai fahimci matsayi ba dariya za a yi masa.

Mubarak: To ai injin ne ya gyara injin, ba mutum ba. Kun dawo kan maganata.

Malam Isyaku: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Har littattafanmu ya gyara. Tun 1851 masanan ces Kling da Horwitz suka nuna wani matsayi da aka yarda cewa doki ɗaya yana iya tsare bishof biyu a cikinsa. Aka yi sama da shekara 130 ana koyar da haka, sai a 1983 lissafin kwamfuta ya nuna masu bishof biyu suna ci, sai dai wani lokaci abin yakan haura taku 60. Amma Mubarak, wannan ba irin injin da ke wayarka ba ne. Wannan rumbun ƙarshen wasa ne, inda aka lissafa kowane matsayi daga kashe sarki ana dawowa baya. Shi ba ya hasashe, amsarsa yankakkiya ce: ci, faɗuwa ko kunnen doki. Sai dai cikakken rumbun iyakarsa kaya bakwai a allo har da sarakunan biyu. Na Lomonosov da aka gama a Mosko a 2012 ya kai terabait 140, a cikinsa aka sami matsayin da sai an yi taku 549 kafin a kashe sarki. Da zarar kaya sun wuce bakwai, galibi ka fita daga yaƙini ka shiga zato, komai kyan zaton.

Baba Audu: Malam, har da wanda injin ya faɗi gaskiya amma gaskiyar ba ta da amfani ga mai zaune a kujera. Wasa na shida tsakanin Carlsen da Caruana a Landan, 2018. Sesse, kwamfutar nan ta Norway, ta sanar cewa Caruana yana da hanyar kashe sarki a wajen taku 30 idan ya kai bishof h4 a taku na 68. 'Yan kallo a intanet suka yi ta ihu ya zubar da wasa. Da aka bi hanyar sai aka ga a ciki har da kai doki g1, inda kowa zai ce ya kulle kansa. Manyan 'yan wasa da ke sharhi sai da suka sha wahala kafin su fahimci dalilin, ga injin a gabansu. Shi kuwa Caruana ya shafe sa'o'i a zaune, agogo yana ci. Wasa ya tashi kunnen doki a taku na 80. Ni ba zan kira wannan kuskure ba.

Maman Khalifa: Ku gafarce ni, ni ban iya wasan sosai ba, ɗana ne yake yi, da wayata yake shiga nan. Na ga ana maganar nan ne na ce sai na faɗi abin da ya same mu. Watan jiya an yi wata 'yar gasa ta intanet tsakanin yaran unguwa da na wata makaranta. Yaron nan shekararsa 13, ya ci wani babba a taku 19. Sai aka ɗauko hoton nazari aka watsa a rukuni, wai daidaiton takunsa da na injin kashi 97 ne, wai ba yadda za a yi yaro ya yi haka sai da injin. Aka cire shi. Ina zaune kusa da shi lokacin da ya buga wasan, ina tsince shinkafa, wayar ɗaya ce a hannunsa, ba wata. Ya yi kwana uku ko allon bai kalla ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya kira shi ya ce zo ka bayyana mana takunka. Lamba kawai suka gani.

Injiniya Sadiya: Subhanallah. Maman Khalifa, ki yi haƙuri, wannan zalunci ne. Wasa ɗaya ba ya tabbatar da komai, balle gajere. In taku goma na farko buɗewa ce da yaro ya haddace, sannan abokin wasa ya yi ɓarna da wuri, sauran takun a bayyane suke, kowa zai same su. Ni kaina na sha samun casa'in da wani abu a irin wannan, washegari in sami hamsin.

Ko a manya an ga illar wannan. Satumbar 2022 a St. Louis, Hans Niemann ya ci Carlsen, Carlsen ya fice daga gasar, duniya ta ɗauka. Mutane suka riƙa yawo da hotunan wani ma'auni na manhajar ChessBase suna cewa ga wasannin da ya dace da injin ɗari bisa ɗari, alhali ba don kama maguɗi aka yi ma'aunin ba. Rahoton dandalin Chess.com mai shafi 72 ya ce mai yiwuwa ya yi maguɗi a wasanni sama da 100 na intanet, shi ma ya amsa ya taɓa yi yana yaro, amma rahoton bai sami hujjar cewa ya yi a wasansa da Carlsen ba. Farfesa Ken Regan na jami'ar Buffalo, wanda FIDE, hukumar ces ta duniya, take neman shawararsa, da tarin wasanni yake aiki, yana auna wahalar kowane taku da ƙarfin ɗan wasan, kuma bai ga alamar maguɗi a wasanninsa na kan allo ba. In masu wannan ilimi suna taka-tsantsan haka, ina ga mai hoton waya guda?

Malam Isyaku: Hajiya, ki turo mini wasan ta akwatin sirri. Zan zauna da shi ranar Asabar ya faɗa mini abin da ya gani a kowane taku. Yaron da ya buga da kansa yana tuna har takun da ya so ya yi ya fasa. In sun yarda, zan yi wa masu gasar magana.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri Malam, Allah ya raya zuri'a. Zan turo in ya dawo daga Islamiyya.

Mubarak: A wannan kam ina tare da ku ɗari bisa ɗari, Allah ya ba yaron haƙuri. Amma a kan nazarin wasanka kai kaɗai, ina nan a kan bakana: in kun saɓa da injin, fara zargin kanka.

Nura Maraɗi: Shirov ma da ya fara zargin kansa da bai kai bishof h3 ba a Linares 1998, a gaban Topalov. Ya ajiye shi a bakin soja a banza don kawai sarkinsa ya riga isa tsakiya. Injinan lokacin sun daɗe ba sa ganin takun.

Mubarak: Shirov kenan. Ni da kai fa?

Abdulhadi: Na dawo. Na bi shawarar Yaya Sadiya, na daina kallon lambar na bi layin da yake bayarwa taku bayan taku, ina gwada nawa a tsakani. Ga abin da na samu. Wayar ta kira shi katoɓara ne saboda abokin wasana bai kamata ya koma g8 ba, g6 ya kamata sarkin ya fito. A zurfi 16 ta ga na bi shi da sarauniya g4, shi kuma ya tura soja f5, harin ya mutu, ina ƙasa da bishof. Abin da ba ta gani ba shi ne tura sojan h4 a maimakon sarauniya, da niyyar h5 da cek. Laftof ya gano wannan. Na bar shi har zurfi 41, lambar ta sauko daga +1.6 ta tsaya wajen +0.9, don ya samo wa baƙi wata kariyar da bai gani ba da safe.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da ya fito g6 ɗin, sarauniya g4 zan buga, ko shakka babu, h4 bai zo mini a rai ba sam. Malam, in akwai wuri ranar Asabar zan zo da matsayin a rubuce, ina so in buga shi da mutum daga g6 ɗin, sau ɗaya da farare sau ɗaya da baƙaƙe.

Malam Isyaku: Akwai wuri. Ka zo da allonka, namu biyu ne kawai kuma ɗaya ba shi da dokin baƙi, murfin kwalba muke sakawa. Bayan azahar muke farawa.